Abokin Tafiyar Yaya Ya Rasu, Shi da Safayarsa

Da zuciya cike maƙil da baƙin ciki, da kuma fushin da ya ƙi haɗiyuwa, Mai Walda na bakin titi, a madadin kansa da iyalinsa, musamman a madadin yayansa da ba ya iya faɗa da bakinsa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gem ɗin tuƙin tirela da ake bugawa a talabijin, wanda a gida aka fi sani da Abokin Tafiya. Ya rasu wata Talata da hantsi, a falo, ba tare da ya yi ko tari ba. Safayarsa da ke cikin durowa, wadda ko ledarta ba a taɓa ɓarewa ba, ita ma ta bi shi a ranar.

Mai dariya ya yi tun yanzu ya gama. Mai Walda da kansa yana cikin masu cewa gem aikin marasa aikin yi ne, kafin duniya ta koya masa karatu.

Ga waɗanda ba su san gidan ba, Yaya direban babbar mota ne tun Mai Walda yana yawo ba wando. Shi ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon walda da ya ga boko ta ƙi shiga kansa. Ana nan sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya sami Yaya, ya ɗauke hannun hagu da ƙafar hagu, ya haɗa da harshe. Aka dawo da shi gidan ƙaninsa da ke bayan shagon walda. Mutumin da ya saba ganin hanya ta miƙe har inda ido ya tsaya, ya koma kallon bango. Abinci sai an yi da gaske. In an gaishe shi sai ya rufe ido.

'Yar Yaya mai aikin nas ita ta zo da maganar gem. Mai Walda ya ce mata, "Ke, ubanki tsohon direba ne, ba ɗan firamare ba." Ta ce, "Baffa, ka gwada kawai. In bai yi ba ka zage ni." Ya gwada. Har yau bai zage ta ba.

Ya samo kujerar tsohuwar mota wajen 'yan gwangwan, ya yi mata ƙafafun ƙarfe. Ya ɗaura sitiyarin gem ɗin daidai ƙirjin Yaya, ya liƙa masa mariƙi yadda hannu ɗaya zai iya juya shi, ya tara totur da birki ƙarƙashin ƙafar dama. Ranar da aka fara kunnawa, injin ya yi gurrr a cikin falo, hanya ta buɗe a talabijin, sai Yaya ya ɗaga hannu ya gyara madubin da babu shi. Mai Walda ya fita waje, ya ce tartsatsi ne ya faɗa masa a ido. Ranar ko injin walda bai kunna ba.

Marigayin mutumin kirki ne, in dai ana ce wa faifai mutum. Bai taɓa neman mai ba, bai taɓa yin faci ba, bai taɓa gajiya da tsoho ba. Gidan ba zai manta da muryoyinsa ba: tik-tak ɗin sigina, shap-shap ɗin waifa in ruwa ya sauko a hanya, da tsss ɗin birki in an tsaya. Amma babbar muryarsa hon ce. Faam! Wannan hon ita ta zame wa Yaya baki. Gajeriya tana nufin eh. Doguwa tana nufin a'a, ko ku ba ni wuri. In shayi ya yi ƙarancin sukari, maman yara, matar Mai Walda, tana kicin za ta ji an danna mata doguwa, ta ce, "Na ji, direba, kada ka take ni." In Mai Walda ya shigo daga shago, fam-fam ce sannu da zuwansa. Maman yara ta sha cewa Yaya ya fi surutu yanzu da lokacin da yake da baki. Kullum da safe sai an yi masa wanka an sa masa hula kafin ya hau kujera, don direban kirki ba ya fita hanya da datti. Ya koma cin abinci, tunda mai tafiya ba ya tashi da yunwa.

An ce a faɗi alherin mamaci, amma Mai Walda bai iya munafunci ba. Marigayin da ciwonsa aka haife shi. Ba ya tashi sai ya nemi izinin kamfanin da ya yi shi ta intanet, kuma ko yana tafe sai ya riƙa waiwayen su. Yaya shi kaɗai yake tuƙinsa, ba ya tsere da kowa, ba ya hira da kowa, amma in netwok ya ɗauke sai tirela ta sandare a tsakiyar hawa, tsoho ya zauna hannu a sitiyari yana jira kamar an tsare shi a shinge. Ina aka taɓa ganin motar da sai ta buga wa wanda ya sayar da ita waya kafin ta tashi? Mai Walda ya haɗa dogon ƙarfe ya kafa a saman rufi ya ɗaura eriya, abin ya yi sauƙi. Sannan ya yi abin da duk mai sana'ar hannu zai yi in ya ga abu yana da rauni kuma rai ya rataya a kansa: ya je ya sayi faifai na biyu, sabo fil, ya ajiye a durowa. Ba a tafiya mai nisa ba safaya. Yaya ne ma ya koya masa haka. Daga ranar hankalinsa ya kwanta.

Ranar da abin ya faru, an yi wa Yaya wanka, an sa masa hula. Aka kunna, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a talabijin, sai rubutu ya fito ya tsaya. Maman yara ta leƙo shago ta kira mai gidan. Ya zo ya hure ƙura, ya goge faifan da gefen riga, ya canza waya, ya hau rufi ya juya eriya. Shiru. Sai ya sauko yana murmushi, ya ce, "Yaya, kwantar da hankalinka, ƙaninka ba sakarai ba ne. Akwai safaya." A gaban idonsa ya ɓare ledar, ya saka. Da'irar nan ta juya. Rubutun nan ya fito. Yaya ya danna hon, ba ta yi kuka ba. Ya sake dannawa. Sannan ya juyo ya kalli ƙaninsa. Mai Walda ya sha ƙuna a sana'arsa, hannunsa duk tabo ne, amma babu wadda ta kai wannan kallon.

Ya kwashi kayan gaba ɗaya sai shagon mai gyaran waya da ake kira Injiniya. Ko sukudireba Injiniya bai ɗauka ba. Ya ce, "Oga, babu abin da ya lalace. Kamfanin ne ya kashe babbar na'urar da gem ɗin ke neman izini wajenta. Wai masu bugawa sun ragu." Mai Walda ya ce, "To rasit ɗina fa?" Injiniya ya ce, "Rasit na faifai ne. Abin da ke ciki aro suka ba ka." Ya ce, "Na biyun fa, sabo ne fa!" Injiniya ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, makulli biyu ka saya na gidan da aka rushe."

Kayan aro ba ya rufe katara, kowa ya sani. Amma wa ya ce masa aro ne ranar da yake saye? Rabin ƙofofin layin nan Mai Walda ne ya yi su. Da zai tashi wata safiya ya bi gida-gida yana ciccire su, ya ce masu son wannan samfurin sun ragu, sunansa ɓarawo, kuma kafin azahar yana hannu. Su kamfanin kuwa an ce haka tsarin yake.

Marigayin ya rasu ya bar Yaya. Ya bar kujera da sitiyari da eriya a saman rufi tana kallon sama ba dalili. Ya bar lodin katako a tsakiyar wata hanyar dutse, wanda Yaya ya ɗauko ana gobe rasuwar bai kai ba, shi da tsawon rayuwarsa bai taɓa barin kayan mutane a hanya ba. Ya kuma bar marayu da yawa a duniya. 'Yar Yaya ta nuna wa baffanta a waya, mutane kala-kala suna ihu da yarukan da bai sani ba, wani yana karya faifansa, wani yana kuka da gemunsa, wasu suna tara sunaye wai a yi doka, in kamfani zai tafi ya bar wa mutane abinsu yana aiki. Mai Walda bai ji yarensu ba, amma ya gane fuskar. Ya ce ta sa sunansa, ta sa na ubanta. Akwai kuma masu cewa a sayi wani mana. An gwada wa Yaya na tseren ƙananan motoci, ya kalla sau ɗaya ya kau da kai, direban tirela ba ya wasan yara. Kamfanin ya fito da sabon na tirela, shi ma da irin ciwon. Mai Walda ya rantse ba zai sake bari yayansa ya so abin da igiyarsa ke hannun wani ba.

Da farko Yaya yakan nuna kujera da ido, a ɗora shi, ya riƙe sitiyari gaban baƙin talabijin. Yanzu ya daina nunawa. Ya koma wajen bangonsa. Hular tana rataye.

Game da jana'iza, babu binnewa, don gawa lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane babu. Za a rataye faifan biyu da waya a ƙofar shago, duk mai niyyar sayen gem ya biyo ya gani kafin ya je. Ana karɓar gaisuwa a falo kullum da yamma. Wanda zai zo ya ce ai gem ne kawai, ya yi zamansa a gida, an yafe masa. Tsofaffin direbobi kuwa ana roƙonsu su zo, su zauna gefen Yaya su ba shi labarin hanya, ko da ya rufe ido, yana ji.

Sanarwa ta ƙarshe ga maƙwabta ce. Mai Walda ya samo hon ɗin tirela ta gaske, ya haɗa ta da batir, ya ja waya har gefen gadon Yaya, daidai hannun dama. Wannan ba ta neman izinin kowa. An gwada ta, tagogi sun girgiza. Yaya bai taɓa ta ba tukuna. Duk ranar da kuka ji ta, ko wane lokaci ne, kada wanda ya zo da ƙorafi. Ku shigo ku yi mana barka.

Masu kawo aiki kuma su yi haƙuri in sun ga ana jinkiri. Mai Walda yana shago, sai dai yana yawan kashe injin, yana saurare.