Ranar da Jirgin Zariya Ya Tafi da Gwaggona

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin ƙasa ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Zamanin Nasara ne, ina ajin ƙarshe a lakwal, wato makarantar boko, ta Maraɗi. Ba ni da yawan magana, in ba littafi ba babu abin da nake iya kallo ido cikin ido. Da hutu ya zo, babana ya ce ni zan raka gwaggona ta Jiratawa zuwa Zariya, can ƙasar Ingilishi, inda 'yarta ta haihu. Idon Gwaggo ya yi rauni, daga taku biyar ba ta bambance mutum da turmi. Ni ne mai karatu, don haka aka damƙa mini ita, da takardar izinin ƙetare iyaka, da wasiƙa mai kwatancen gidan.

Ƙasarmu babu dogo, sai an je Kano. Don kada in yi kuskure, sai na sayi sabon littafin rubutu na bi mutane ina neman shawara. Malaminmu na lakwal, da muke ce wa Mushe, ya ce kada in leƙa ta taga. Wani tela ya ce in sha tsamiya saboda jiri. Wani Alhaji mai fataucin fata a Tibiri, wanda ya yi maganar da ta fi ta kowa ƙarfi, ya ce in kwantar da hankalina, babu abin hawan da ke barin Musulmi a kan salla. Na rubuta, har na ja layi a ƙasa. (Daga baya na gano duk cikinsu babu wanda ya taɓa ganin jirgi ko daga nesa. Amma ko ɗaya bai ce mini "ban sani ba". Wannan ne abin da har yanzu ban yafe ba.)

Motar da ta kai mu Kano ma ta gaskata Alhaji. Direba ya tsaya mana salla, ya jira wani da ya tsaya cinikin rago, bai tashi ba sai da ya busa oda sau uku ya kuma ƙirga mu.

Muka shiga jirgi da hantsi, tikiti biyu a aljihuna. Kusa da mu wata mai goro ce da ta saba hanyar, sai labari suke da Gwaggo. Na so in tambaye ta yadda ake yi da salla, kunya ta hana ni. Ɗan lakwal ya tambayi mai goro?

Da azahar jirgi ya tsaya a wata ƙaramar tasha. Na ɗauki buta. Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ɗan nan, ka ga wani ya sauka da buta?" Na ce mata cikin ladabi an riga an yi mini bayani. Don cika ƙa'ida ma, sai da na taka har can gaba wurin injin jirgin, na gaida matuƙin, na ce masa zan yi salla in dawo. Mutumin, gawayi ya rufe masa fuska, ya yi murmushi ya ɗaga kai. Ashe ko kalma ɗaya ta Hausa ba ya ji. To in ba ka ji ba, ɗaga kan na mene ne?

Ina raka'a ta biyu na ji usur. Na ce a raina gargaɗin farko ne, kamar na direbanmu. Na sallame a natse, na yi addu'a. Ina waiwayawa sai ga taragon ƙarshe yana wuce ni.

Na bi shi a guje, ba takalmi, buta a hannu tana zuba, ina ihu da Faransanci (a ƙasar Ingilishi, wa nake yi wa?). Na yi tuntuɓe da katakon dogo na kifa. Masu tallar gyaɗa suka yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa abu ɗaya ke kaina: tsohuwar da ba ta gani, ba tikiti, ba kwatance, a ƙasar da ba ta san kowa ba. Me zan gaya wa babana?

Sai washegari na sami motar auduga. Na isa gidan ina shirin faɗin mugun labari, sai na tarar da Gwaggo a tabarma, jariri a cinya, tana shan fura. Ashe ta gaya wa mai duba tikiti gaskiya, matan tarago suka tsaya mata, mai goro ta riƙe hannunta suna tambayar gidan Maraɗawa har suka same shi. Ta kuma riga ta ba kowa labari. Da ta ji muryata sai ta ce, "Mushe, ka ƙare sallar? Allah shi karɓa."

Ranar komawa, kafin jirgi ya motsa, ta laluba bakin rigata ta ƙulla shi da haɓar zanenta, a gaban mutane. Haka na zauna daga Zariya har Kano, a ɗaure kamar ɗan akuya.

Don haka in za ka shiga jirgi karon farko, kada ka nemi shawara a garin da babu dogo. Tambayi wanda ke zaune kusa da kai. Kunyar tambaya ta minti ɗaya ce; tawa ta kai Jiratawa kafin ni.