Ranar da Kwamfuta Ta Yi Mini Kirari

Ba zan taɓa mantawa da tallar zumar da na fara aikawa ta imel ba, a shekarun da shagon intanet ya fara zuwa Zuru. Ni ke sayar wa masu amya na wajen Wasagu zumarsu, mai shagon kuwa, Oga Emeka, ya ce mini masu saye na birni yanzu ta nan ake samunsu.

To, ni mutum ne da ya tashi da alƙalami da tawada. Na ga rubutun kwamfuta duk iri ɗaya, ba kyau ba fasali. Sai na zauna na rubuta tallar da hannuna, ajami a sama, boko a ƙasa, na kewaye ta da zayyana ja da ɗorawa. Emeka ya ɗauki hotonta da na'ura, muka aika wa kowa. Ko kalma ɗaya ban buga ba, hoton kawai. (Allah Ya yafe mini, har gida na je ina ba iyali labari.)

Cikin waɗanda na aika wa akwai Malam Yohanna, ɗan Dabai, wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa tun yana yaro. Yana koyarwa a wata makarantar makafi a Filato, kuma duk ƙarshen shekara shi ke haɗa kan malamai su sayi zumarmu. Ba mu da mai saye kamarsa. Shekarar nan shiru. Na damu ƙwarai, har na fara zargin ko wani ya janye mana shi.

Da ya zo gida Kirsimeti, ya biyo ta rumfata, kwamfutarsa a jaka. Bayan mun gaisa, ga maƙwabta zaune, na yi masa ƙorafin ya yar da mu, har na aika masa talla bai amsa ba. Ya ce saƙo dai ya iso, amma bari in ji abin da ya iso masa. Ya bayyana mini cewa kwamfutarsa karanta masa rubutu take da murya, in ta tarar da hoto kuwa sai dai ta faɗi sunansa. Ya lalubi maɓallai, ya ƙara sauti.

Wata murya irin ta Bature mai mura ta ce, "Zanen babban gwanin Zuru." Iyakar abin da ta karanta ke nan.

Sai a lokacin na tuna. Ranar da Emeka ya tambaye ni sunan da zai sa wa hoton, abin da na faɗa masa ke nan, ina zaton daga ni sai shi. Tela na kusa da ni ya kwanta a benci don dariya. Ni kuwa na yi ta gyaran hular da ba ta karkace ba.

"Malam," in ji Yohanna, "na san akwai gwani. Abin da ban sani ba, me gwanin ke sayarwa, kuma nawa?"

Bai bar ni cikin kunyar ba. Ya ce in miƙo takardar, ya bi ta da yatsu har ya ji inda alƙalami ya danna, ya ce hannun nan ya sha wahala, Allah Ya saka. Daga nan ya kama kafaɗata muka tafi shagon Emeka. Yana faɗa ina bugawa da yatsa ɗaya: sunan kaya a farko, farashi, yadda za a same ni. Ya ce in bar zayyanata don masu ido, amma in rubuta abin da ke cikinta a ƙasa. Da na rubuta cewa zumar ja ce, ya ce in ƙara da kaurinta da ƙamshin furen ɗorawa, su makafi abin da suke saye ke nan. Da makaranta ta koma, malaman makarantarsu suka aiko a kai musu jarka biyu.

Tun daga ranar, ba na aika talla sai na rufe ido an karanta mini ita. Kuma na gane in mutum zai yabi kansa, kada ya yi a gaban kwamfuta. Ba ta san kara ba.