Kunyar Mai Unguwa Nomau

Mu mutanen Tungar Yalo Allah ya yi mana baiwa guda: mun san yawan awakinmu har da wanda ke ciki, amma a tambayi mutum yawan 'ya'yansa sai ya hau kallon sama kamar mai neman hadari. To, ana haka wata ƙungiya ta ce za ta haƙa rijiyar burtsatse guda ɗaya tak, tsakaninmu da maƙwabtanmu na Gidan Ƙwarya, kuma garin da ya fi jama'a shi ke da ruwa. Abin haushi sai aka turo mai ƙidaya da rani tsaka, lokacin da samarinmu duk sun tafi cin rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata da yara sai kuma jakunan da ke jido mana ruwa daga fadama. Hankalin Mai unguwa Nomau ya tashi. Ya ɗaura rawani, ya sa mai ƙidayar a gaba gida-gida, don kada ko jaririn jiya ya kuɓuce. Shi kuwa baƙon doka ɗaya ya kafa: ba ya rubuta kowa sai wanda mai gida ya faɗi sunansa da bakinsa.

A gidan farko aka tambayi Malam Cindo yawan yaransa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, suna nan dai. Ai ba a ƙirga arziki, baki abin tsoro ne."

Nomau ya ce, "Awaki fa?"

"Sha ɗaya, ja ɗin nan kuma gobe ko jibi za ta haihu."

A gida na gaba wata gwauruwa, Iya Tabawa, ta jero sunaye biyar daga bayan ƙyaure ta ce shi ke nan. Nomau kuwa ya san shida ta haifa, ɗan farin ne ta tsallake saboda kunya. Ya buga sanda a ƙasa ya ce, "Haba Iya! Kunyar ɗan fari za ki sha in rijiya ta ƙafe? Wallahi ƙauyancin nan ne ya hana garin nan ci gaba!"

Haka ya yi ta faɗa har suka zagayo ƙofar gidansa. A zaure suka tarar da Jatau, babban ɗansa, ƙato mai gemu har da furfura tsilli-tsilli, yana sauke jarkoki daga kan jaki. Shi ne ke riƙe da gandun gidan, shi ya sa bai taɓa zuwa cin rani ba.

Nomau ya gyara murya ya jero iyalinsa tiryan-tiryan, daga na biyu har auta. Mai ƙidaya ya nuna Jatau da biro ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan fa?"

"Wannan? Ai... yana nan dai."

"Na gan shi. Ɗan wane ne?"

"Na gidan nan ne."

"Sunansa?"

Gumi ya karyo wa Nomau ta ƙarƙashin rawani. Tun da aka yanka ragon sunan Jatau, "kai" da "wancan" yake kiransa. Ya leƙa cikin gida ya ce, "Ke, zo ki faɗa wa baƙo sunan wannan."

Daga madafa uwargida ta ce, "Ni? Allah ya kiyashe ni! Ai kai ne mai rawani."

Baƙo ya jira, ya gaji, ya ce mutanen Gidan Ƙwarya na can na jiransa. Ya tada babur ya bar mu da ƙura.

Nomau ya rasa wanda zai huce a kai, sai ya juya kan Jatau. "Kai kuma ka tsaya kamar turke, ruwa ya wuce mu kana kallo! Ƙato da kai, ko kunya ba ka ji?"

Jatau ya durƙusa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina zan samo ta? Ta gida ku da Inna kun kwashe, kunyar gona kaɗai kuka bar mini."