Ranar da na haɗe kashin ungulu a kwalba ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na gyara firjin gidanmu ba. Ni mutum ne mai son tsari. A shagona na Kantin Kwari shadda na gefe guda, atamfa na gefe guda, kuma maƙwabcina Alhaji Sabo ya sha faɗa a wurina kan yadda yake jibge kaya kamar bola.

Autata Bilkisu tana shekarar ƙarshe a jami'a. Ta ce mini bincikenta a kan funfunar da ke cikin hanjin ungulu ne, irin wadda ke fitowa a jikin burodi amma wadda ido ba ya gani. Za ta kwatanta ta ungulun da ke yawo a gari da ta waɗanda ake kiwo a gidan namun daji, tunda cimarsu ba ɗaya ba ce. Na ce Allah ya taimaka (gaskiya rabin hankalina na kan labaran rediyo).

Ran nan na buɗe firji neman ruwa, sai na ga baƙar leda a can ƙasa. Ciki ƙananan kwalabe ne birjik, wasu jan murfi, wasu shuɗi, kowace da ɗan abu ruwa-ruwa a gindinta. Na ɗauka maganin basir ɗin matata Hajiya ne. Raina ya ɓaci. Wane irin almubazzaranci ne wannan, abin da bai cika kofi ba ya cinye rabin firji? Akwai rubutu a jiki, amma tabarauna yana shago.

Da farko na wanke tsohuwar kwalbar zuma. Sannan na juye jajayen. Sannan shuɗayen. Na girgiza don su haɗu sosai (har na sunsuna, na ce lallai maganin nan mai ƙarfi ne). Na wanke ƙananan kwalaben tas, na jera su a rana bisa launi.

Da Bilkisu ta dawo ni da kaina na kira ta in nuna mata aiki. Ta dubi kwalbar zuma, ta dubi jerin da ke tsakar gida, ta zauna daɓas a ƙasa.

"Baba, kashin ungulu ne. Jan na gari, shuɗin na gidan namun daji. Wutar ɗakin gwajinmu ce ta lalace na kawo su gida."

Hajiya ta leƙo daga kicin. "Alhaji, ka ce ka sunsuna?"

Na juya ga Bilkisu. Yarinyar ce damuwata. Na gidan namun daji ba wuya, za a sake ba ta. Na gari kuwa ta sha wahala kafin ta tara, don ungulu ta yi ƙaranci a Kano yanzu. In ba ta miƙa aikin a kan lokaci ba, sai ta maimaita shekara. Na ce ni na ɓata, ni zan gyara.

Haka muka riƙa sammako zuwa kwata, can wajen Fagge inda ake yanka. Ita tana kewaya bayan gini, ni ina gadin wata bishiya da na shimfiɗa leda a ƙarƙashinta. Dattijo da furfura, na ɗaga kai sama ina roƙon Allah ya kawo ungulu, kuma ya sa cikinta ya motsa.

Wata safiya addu'ata ta karɓu. Na durƙusa da safar hannu da ɗan cokalin roba ina kwasa a hankali, sai na ji murya a kaina.

"Alhaji? Kai ne?"

Alhaji Sabo ne, ya zo sayen naman suna. Ya dubi ungulun, ya dubi cokalin, ya ja da baya.

"Ashe nan sirrin cinikin yake! Mu muna ta addu'a, kai kana ta kwasa. Wane boka ne ya ba ka wannan aiki?"

Na miƙe na fara yi masa bayani daki-daki. Na ce da farko akwai funfuna. Na biyu, tana cikin hanji. Kafin in kai na uku mahauta sun kewaye mu, wani yana tambaya ko a shago ake binnewa ko a turare ake sawa. Bilkisu da za ta wanke ni kuwa tana bayan gini.

Kafin azahar labari ya gama layinmu. Har yau in ciniki ya yi kyau Sabo yakan leƙo ya ce, "Ungulu ta sauka ke nan."

Bilkisu ta miƙa aikinta a kan lokaci, ta kuma ci. Ranar da sakamako ya fito na yanka mata kaza, na ci rabi.

Ina nan da son tsarina, ban fasa ba. Sai dai yanzu in na ga abu biyu masu kama an ware su, nakan nemi wanda ya ware in tambaye shi dalili kafin in kai hannu. Ko da kashi ne.