Gimbiyar Basha Ba Ta Taka Yashi

Duk bakin tekun Anfushi babu mai daraja kamar Ustaz Bahagat. Wanda ke shakka ya tambaye shi, zai tabbatar masa. Shekara da shekaru yana huda tikiti a taragon Iskandariya ba wanda ya gane baiwarsa, sai da ya yi ritaya surukinsa ya aiko masa da na'urar gano ƙarfe daga ƙasar waje. Tun ranar muka naɗa shi Basha, wato babban mutum, Mai Sandar Arziki.

Na'urar sunanta Gimbiya. Allah ya yafe mini in na yi ƙari, amma matarsa ba ta taɓa ganin gatan da sandar nan ke gani ba. Faifanta na ƙasa yana cikin safa, safar tana cikin leda. Kanta naɗe da tawul kamar jaririyar da ta sha wanka. Laima tata ce, shi rana ta yi ta gasa masa sanƙo. Iska na kaɗawa zai zaro burushin aski ya bi ta yana kakkaɓe yashi ƙwaya-ƙwaya. Takalmin roba yake sawa har gwiwa, irin na masu gyaran kifi, kada ya kwaso mata danshi.

"Jama'a, maƙiyan ilimi biyu ne, gishiri da yashi," in ji shi ga masu shan shayi. "Jahili ke goga na'ura a ƙasa. Masani daga sama yake sauraro."

Shi ya sa Gimbiya ba ta sauka ƙasa da gwiwarsa. Me ta taɓa ganowa? Wannan tambayar marasa tarbiyya ce. Inda ba ƙasa, nan ake gardamar kokawa.

Wata Juma'a bayan la'asar, maƙwabciyata Ummu Ra'afat ta gangara bakin ruwa wanke hannu, mun gama cin soyayyen kifi. Zoben da mijinta ya sa mata ranar baiko ya sulluɓe. Ba wani mai tsada ba ne, amma teku ce ta ci mijin, ko kabarin da za ta ziyarta babu. Zoben nan kaɗai ya rage mata. Ta durƙusa tana lalube, iska na ƙara ƙarfi, igiyar ruwa na matsowa.

Aka ruga aka kira Basha. Ya iso a hankali, kamar liman zai hau mumbari. Ya ratsa ta daidai inda baiwar Allah ke lalube, ya zaɓi tudu busasshe, ya tsaya.

"Don Annabi, Ustaz, ka miƙo ta nan," in ji Ummu Ra'afat. "Nan ya faɗi!"

"Can? Cikin jiƙaƙƙen yashi? Baiwar Allah, kin san daga ina aka kawo ta? Zobenki ya yi kuskuren wurin faɗuwa."

Ya yi ta kaɗa Gimbiya a iska, tana shiru irin na manyan mata. Da hannunsa ya gaji, ya ɗan sauke ta gefen ƙafarsa. Nan take ta callara ƙara.

"Kun gani ko!" ya daka mana tsawa. "Danshinku ya shige ta, ga shi tana kuka!"

Ya rungume ta, ya ƙara mata tawul. Yana cikin rarrashi wata igiya ta zo, wadda ba ta san manya ba, ta kwashe masa ƙafafu. A nan dole in yaba masa. Ya sha ruwan gishiri har ta hanci, hularsa ta kama hanyar Girka, amma hannuwansa na sama, Gimbiya ko ɗigo bai taɓa ta ba. Ƙafafunsa ma suna sama. Ga zobe nan maƙale a tsagin takalminsa na dama, yana ƙyalli. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.

Ummu Ra'afat ta sa farce ta ɓanɓare abinta, ta sumbace shi, ta yi hamdala. Ta ja mayafi ta rufe dariyarta, ta wuce. Mace ce mai kunya.

Yanzu a wurin shan shayi labarin ya girma, wai dabara ce da sai masana ke ganewa. Mu dai matan unguwa mun karɓa. In ɗan kunne ya ɓace ko makulli, sai mu aika a gaida Basha, a ce ya taimaka ya zo da takalminsa. Gimbiya kuwa a bar ta a gida ta huta.