Banɗakin Gilashi

Akwai wani dattijo a Malumfashi, Malam Haladu mai goro, wanda ciwon gwiwa ya matsa wa har aka ce sai ya je Abuja ya ga likitan ƙashi. 'Ya'yansa maza duk suna nesa, sai mijin 'yarsa, Nafi'u, ya ce shi zai kai shi. Shekara tara da auren nan, amma Nafi'u bai taɓa cin abinci a gaban surukinsa ba. Ko gaisawa za su yi, a durƙushe yake, idonsa a ƙasa.

To, Nafi'u ya so ya fita kunya. Ya ƙi masaukin bakin tasha, ya kama ɗaki a wani ɗan otal na 'yan gayu, irin wanda ɗakunansa ba su wuce goma sha biyu ba, kowane ɗaki da sunansa maimakon lamba. Da ka shiga ƙamshi zai tare ka, kiɗa na tashi ƙasa-ƙasa ba ka san daga ina ba, ga kujeru masu ƙafa uku da ba wanda ya yarda ya zauna a kai. Tun daga gida an ja wa Nafi'u kunne kada ya bar Malam shi kaɗai, don haka ɗaki ɗaya suka kama, aka ƙaro wa Nafi'u 'yar katifa.

Suna buɗe ƙofa suka yi cirko-cirko. Banɗakin a cikin ɗakin yake, ba bango, ba labule. Gilashi ne tas daga ƙasa har sama, kamar akwatin masu sayar da kilishi. Har da fitila a saman masai tana haska shi.

Malam ya duba, Nafi'u ya duba. Can Malam ya ce, "Sanyin ɗakin da daɗi."

Nafi'u ya ce, "Da daɗi, Baba."

Ga shi Malam yana shan maganin hawan jini, mai sa mutum yawan zagayawa. Da ya gyara zama ya yi gyaran murya, sai Nafi'u ya miƙe zumbur ya ce, "Baba, bari in je in duba mota." Alhali a motar haya suka zo. Malam kuwa sai ya ce, "Ka duba ta da kyau." Kafin la'asar an duba motar nan sau biyar. Shi Nafi'u in tasa ta taso, ba halin ya ce tsoho mai ciwon gwiwa ya fita, sai dai ya tsallaka titi ya je masallacin gidan mai.

Washegari aka zo inda dabara ta ƙare. Ƙarfe goma za su ga likita, wanda aka yi wata biyu ana jiran layinsa, Malam kuwa ya ce ba zai buɗe wa likita ƙafa da ƙurar hanya a jikinsa ba. Ga tayil mai santsi, ba dama Nafi'u ya fita ya bar shi ya zame. Ba dama kuma ya tsaya. Ya ɗauko babbar rigar Malam zai rataya a jikin gilashin, ba ƙusa, ta sulale. Ya juya ya fuskanci bango, ashe bangon madubi ne. Tara ta gota, Malam na zaune bakin gado da soso a hannu.

Daga ƙarshe ya ce, "Kira min mai gidan nan."

Manaja ya zo, wani saurayi cikin matsattsen kwat, yana murmushi tun daga ƙofa. "Ranka ya daɗe, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, ɗana. Ginin naku ne na ga ba a ƙarasa ba. Yaushe maginin zai dawo?"

"Ai a ƙarashe yake, Alhaji. Haka aka zana shi. Daga waje aka ɗauko wanda ya tsara mana."

"A garinsu ba sa zagayawa ne?"

Manaja ya yi dariya. "Salo ne, ranka ya daɗe. Yana sa ɗaki ya yi haske, ya yi faɗi."

"Ni ba faɗi na zo nema ba. Ko tsohon zani ne, a samo min a kare wurin nan."

"Kai, Alhaji, zani zai ɓata tsarin gaba ɗaya. Wannan shi ne ɗakinmu da aka fi rububi. Har hotonsa baƙi ke ɗauka."

"Da mutum a ciki?"

Nafi'u dai yana raɓe a lungu, zufa ta jiƙa masa hula duk da sanyin ɗakin. Manaja ya rage murya, ya matso kamar mai koya wa ɗan ƙauye karatu. "Ka gane, Baba, an yi shi ne don waɗanda aure ya haɗa. Tunda an riga an zama ɗaya, me ya rage da za a ɓoye wa juna?"

Malam Haladu ya dubi Nafi'u, ya dubi gilashin, sannan ya dubi manaja ya ce, "Ɗana, aure kam ya haɗa mu. Amma 'yata na ba shi, ban ce har da ni ba."