An Aiki Dogo Agwagwa, Ya Kawo Zabuwa

"...ina gajiya kuma? Au, na manta, kai ba ka aikin da zai gajiyar da mutum."

"Lafiya lau, Gajeriya. Wai ina kike ne? Muryarki nake ji, amma keken ɗinki kawai nake gani."

Gajeriya tela ce, shagonta ɗaki ɗaya a bakin titi. Dogo kuwa bakanike ne, ɗan goggonta, taubashinta, tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba sai sun yagi juna. Sai dai yau bakinta kaɗai ke wasa. Da sassafe aka wuce da yayarta asibiti, haihuwa ta zo da gardama, aka bar mata ɗiyar yayar tata, 'Yar Firit, mai shekara biyu da ɗoriya. Yarinyar ta ƙi shayi, ta ƙi ayaba, ta zazzage kwandon ƙyallaye, ta leƙa ƙarƙashin kowane benci tana kiran abu ɗaya: "Agwagwa." Littafin da iyayenta ke karanta mata kullum ke nan, an manta shi a gida cikin gaggawa. Shi ya sa aka aiki Dogo.

"Ina littafin?"

"Ki bari mutum ya zauna mana. Haka ake tarbar ubangida?"

"Ubangidan wa? Kai da aka haifa don ka riƙa ɗaukar mini jaka. Ina littafin?"

"Gidan a kulle yake, mabuɗi na aljihun ubanta, wayarsa kuma ba ya ɗauka."

Ta dubi tata wayar da ke kan keke, babu kira, babu saƙo. Ta kife ta, ta sake juyo da ita.

"To uban me ka zo yi hannu rabbana?"

"Wa ya ce miki hannu rabbana?" Ya zaro wani littafi daga cikin rigar aikinsa, har baƙin mai ya taɓa gefen bangon. "Kasuwa na shiga. Mai littattafai na ganina ya miƙe tsaye, ya ce manyan masana irinmu ba sa biya, sai da na roƙe shi."

"Miƙewa ya yi don kada ka shafa wa kayansa baƙin mai." Ta karɓa, ta duba, ta rufe ido. "Dogo. Wannan mece ce?"

"Agwagwa."

"Zabuwa ce!"

"Agwagwa ce ta sa atamfa mai ɗigo-ɗigo. Ke da kike tela ba ki san kwalliya ba?"

"Duk tsawon nan naka ashe babu abin da ya kai sama? Mutum ya yi furfura bai san agwagwa ba!"

"Ni da na yi kiwon agwagi har suka riƙa gaishe ni da safe."

"Kiwon da ka yi, ai a tukunya ya ƙare."

'Yar Firit ta fito daga bayan labule, zare ya nannaɗe mata ƙafa ɗaya. Ta karɓi littafin da hannu biyu, ta shinshina shi, ta buɗe. Ta daɗe tana kallon tsuntsuwar. Sai leɓenta na ƙasa ya fara rawa.

"Ba ita ba."

"Ka gani ko? Ka gani?" Gajeriya ta sunkuya za ta ɗauke ta, yarinyar ta sulale ta zauna daɓas, ta buɗe baki, kuka ya cika shagon har mai gyaran takalmi na maƙwabta ya leƙo.

"Tsaya, tsaya, Malama," in ji Dogo, ya durƙusa. "Ƙanwar agwagwa ce. Ita agwagwar ta je unguwa, ta ce wannan ta riƙe mata wuri. Kawo Kawu ya karanta miki."

Kukan ya ragu. Ta dube shi ta cikin hawaye, ta nuna ƙasa. "Abba nan."

"A ƙasa ubanta ke zama," in ji Gajeriya. "Naɗe ƙafafun nan naka, in shagon zai ɗauke su."

Ya zauna, gwiwarsa ɗaya ta bugi keke, ɗaya ta ture kwandon maɓallai. Yarinyar ta haye cinyarsa, ta kama babban yatsansa ta ɗora a ƙarƙashin rubutu. Ya gyara murya.

"Wata rana wata zabu... wata agwagwa ta shiga gareji, ta ce a duba mata birki."

"A'a!" Ta buge hannunsa. "Ruwa!"

"Ta shiga ruwa, ta ce a duba mata birki."

"Ko jaririya ta gane maƙaryaci ne kai," in ji Gajeriya. Hannunta na kan waya.

'Yar Firit ta juyo, ta daki tabarma kusa da Dogo. "Umma nan. Kwak."

Sai a lokacin Gajeriya ta tuna yadda suke yi a gida: uban ya karanta, uwar ta yi kukan agwagwa. Ta zauna.

"Madalla," in ji Dogo. "Ba sai kin wahala ba, yi magana da muryarki ta kullum."

"Allah ya isa tsakanina da kai. Kwak."

"Ƙara ƙarfi, agwagwar nan kamar ba ta karya ba."

"Kwak! Kwak!"

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, ta buɗe shafi na gaba da kanta. Labarin yana kanta tsaf, ita ke ba su shi guntu-guntu, ruwa, kifi, gida, Dogo na cike giɓin da ƙarya, ita tana gyara masa. Gajeriya ta ɓare ayaba ta miƙa a hankali, aka gatsa ba tare da an duba ba.

Wayar ta yi ƙara. Saura kaɗan ta suɓuce mata. Mijin yayarta ne.

"Yaya? Ina jin ka... Na'am?" Ta dafe ƙirji. "Ita fa? Ita nake tambaya... Alhamdulillahi. Alhamdulillahi!"

"Mene ne? Ke, yi magana!"

"An yi mata aiki. Namiji. Duk suna lafiya." Ta goge ido da gefen mayafi, ta sa wayar a kunnen yarinyar. Daga can muryar uban ta fito a dishe, yana tambayar me 'yarsa ke yi.

"Karatu," in ji 'Yar Firit. "Abba, Kawu bai iya ba."

Dogo ya riƙe baki. "Ni? Bayan duk birkin da na gyara?"

Ba a kai ƙarshen littafin ba barci ya kwashe ta, kanta a ƙirjinsa, yatsansa har yanzu a hannunta. Ya motsa zai tashi.

"Kada ka kuskura," Gajeriya ta ce ƙasa-ƙasa.

"Motar mutane na bari a buɗe. Ƙafata ta mutu."

"Ta mutu mana, akwai saura da yawa."

Ta ɗauko tef ɗin awo, ta zagaya bayansa, ta shimfiɗa shi daga kafaɗa zuwa kafaɗa.

"Me kuma kike yi?"

"Riga zan ɗinka maka. Ba don halinka ba, don kada jaririn ya buɗe ido ya fara ganin wannan tsumman."

"Ki dai faɗi gaskiya, yau ni na ci wasan."

Dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da mayafi don kada ta tashi yarinyar.

"Ka ci, bawana. Miƙe hannun, yadin ne dai nake tausayi."